Hoton Ruwan Rijiyar Kawuna

Ni mai sayar da kayan gyaran babur ne a Bagudo, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagona ya san magana ba ta fita bakina da girman da ta shiga kunnena. Idan da safe aka ce mini an kama giwar ruwa mai tsawon hannu, kafin azahar ta kai tsawon kwalekwale, kafin la'asar sai an nemo ƙarti shida sun ɗauke ta. Mutane sun saba. Su yi dariya, su sayi fulogi ko sarƙa, kowa ya koma gida da abin ba iyali labari. Shekara da shekaru ban ga wanda wannan hali nawa ya cuta ba, sai a damanar da kogin Kwara ya yi ambaliya ya shiga ƙauyen su mahaifiyata, can wajen iyakar Benin.

A lokacin ɗiyata ta fari tana karatun digiri na biyu a jami'a. Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka zama ku yi hira, ba ka nuna kana ji da shi. Ni da zan iya yin hirar awa biyu da turken akuya, a gaban wannan yarinya kurma ne. Ta gaishe ni in amsa ina duban bango. Duk abin da na sani game da karatunta daga bakin uwarta na ji shi, ita ma a gaggauce tana kwashe tuwo. Cewa ta yi, wai ruwa take bincike, a kwamfuta, da hasken nan na eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Ruwa, kwamfuta, eksire. Da kalmomi ukun nan na gina bene mai hawa bakwai a ƙofar shagona. Ban karya al'ada ba, don ban taɓa cewa “ɗiyata” ba, sai dai “wata yarinya can gidanmu”. Na ce wata yarinya can gidanmu, idan ta ɗiga ruwa a kan kwamfutarta, take za ta gaya maka daga rijiyar da aka ɗebo shi, da dabbar da ta sha ƙarshe, da ko akuyar tana da ciki. Na ce akwai Turawan da ba sa kurɓar ruwa da safe sai sun bugo mata waya. Labari ya bi 'yan kabu-kabu ya shiga ƙauyuka, ni kuwa na manta ma na faɗa.

Wata ranar kasuwa sai ga ɗan kawuna ya sauka daga babur da farin galan a hannu. Masunci ne, ya girme ni da shekara uku, kuma taubashina ne: shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawansa yake kira na.

“Bawana, taso ka karɓi kayan ubangidanka,” in ji shi.

Na ce, “Jama'a, ku toshe hanci, kasuwar kifi ta taso da ƙafarta ta shigo gari.”

Ya yi dariya, amma gajeriya. Ya zauna ya ajiye galan ɗin tsakanin ƙafafunsa kamar mai tsoron a sace. Ya ce tun da ruwan ambaliya ya janye, rijiyar tsakiyar ƙauye, wadda kawuna ya haƙa da hannunsa, ta rikice musu. A ido garau take, amma gida uku ana ta gudawa. Dattawa sun hana ɗiba. Yanzu mata sai sun bi ta gonaki sun tsallaka zuwa wani ƙauye na ɓangaren Benin mai famfon tuƙa-tuƙa, tafiyar awa guda zuwa, fiye da haka dawowa da kaya a ka. Wasu na cewa rijiyar ce, wasu na cewa sabuwar masara ce ta ɓata wa mutane ciki, mata kuma sun fara gunaguni.

“Shi ne munka ce, mi za mu tsaya gardama, ga ɗiyarmu na auna ruwa? Ka kai mata wanga. In ta ce a sha, mu sha. In ta ce a bari, mu bari.”

Benci cike yake da mutane. Na bugi ƙirji na ce, “Wannan ai aikin minti biyar ne. Dawo gobe ka karɓi sakamako.”

Ɗiyata ta zo hutu a makon, tana gida. Na miƙa wa uwarta galan ɗin na ce, “Ki ba waccan ta duba wannan a na'urarta.” Na zauna a kan tabarma a inuwar tsakar gida ina jiran abinci. Can sai ga ta ta fito da kanta, rungume da kwamfutar, ta durƙusa a bakin tabarmar nesa da ni. Na ji kamar in tashi in ruga. Tun tana firamare ba mu taɓa zama haka ba.

Ta ce, “Baba, ruwan da nake aiki a kansa ba ya jiƙa hannu.”

Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Na ga wani akwati cike da 'yan dunƙule-dunƙule, kowane ja ɗaya da farare biyu maƙale da shi kamar kunnuwa, suna ta mutsu-mutsu kamar mata a wurin rabon goron biki. Ta ce kowane ɗaya ƙwayar ruwa ce: jan oksijin, fararen haidurojin. Ta ce farin wannan yakan jawo jan maƙwabciyarsa, su yi wani riƙon hannu sako-sako, su saki, su kama wata, sau ba adadi kafin mutum ya ƙifta ido. Ta ce wannan riƙon ne ya sa ruwa yake zama a randa maimakon ya tashi ya bi iska, shi ne kuma ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa ba ta nutsewa. Wai har yanzu masana suna gardama, ko kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu ne sosai, ko kuwa wasu hannuwan a sake suke.

Na ce wa bango, “To eksiren fa?”

Ta ce a ƙasashen waje akwai manyan na'urori da ake haska ruwa na gaske da eksire, sai wani layi mai tudu da kwari ya fito. Ita kuma tana gina nata ruwan da lissafi a kwamfuta, ƙwaya 'yan ɗaruruwa kacal, ta lissafa irin layin da zai bayar da an haska shi, ta gwada da na gasken. Idan sun yi kama, to yadda ta jera ƙwayoyinta ya kusa gaskiya. Idan ba su yi ba, ta sake.

“Cuta fa? Ba za ta fito a ciki ba?”

“Babu cuta a nawa, Baba, don ban sa ba. Kuma ƙwayar cuta guda ɗaya ta fi akwatin nan gaba ɗayansa girma nesa ba kusa ba. Wannan ruwan sai an kai ɗakin gwaji a Birnin Kebbi, a kwalba mai tsabta, ba a galan ɗin mai ba. Kafin nan don Allah kada su sha. In ya zama dole, su tafasa sosai.”

Ta faɗi wannan sau biyu. Na ji sau biyu. Ba zan ce ban gane ba, don bayaninta ko jakin gidanmu ya saurara zai gane. Abin da na yi kawai, na ce wa uwarta ta ce mata ta tura mini rawar dunƙulen nan a wayata, don gaskiya ta ba ni sha'awa. Ta tura.

Washegari na fita da niyya mai kyau. Na shirya zan ja taubashina bayan shago in ce masa na'urar ba ta irin wannan aikin ba ce, in ma raka shi Birnin Kebbi. Amma bakina ya riga ni. Tun jiya na shaida wa kowa yau sakamako zai fito, don haka benci ya cika, har an aro wani daga wajen mai shayi. Taubashina bai ma gama sauka daga babur ba ya ɗaga murya.

“Bawana, mi likitar ruwa ta ce?”

Tela maƙwabcina, wanda ya shekara goma yana jiran ranar da za a kama ni, ya ajiye almakashi ya fito yana murmushi. Ya ce, “Yau dai za mu ga inda zaren ya ƙare.”

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na ciro waya, na kunna, na ɗaga sama.

“Ga ruwanku nan.”

Kawuna suka haɗu a kan waya. Jajaye da farare suna ta rawa. Wani ya ce, “Ikon Allah!” Murmushin tela ya ɓace, kuma wannan ya yi mini daɗi fiye da naman Sallah. Bakina ya buɗe. Na ce, “Kun ga yadda suke riƙe da hannun juna? Ruwa mai lafiya ke nan, zumunci ya yi ƙarfi. Da akwai cuta, da kun ga wasu baƙaƙe masu haƙora suna bin su da cizo.”

Taubashina ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya kawo ta kusa da ido, ya bi ta da yatsansa mai kaushin jan komar kamun kifi, kusurwa zuwa kusurwa, yana neman baƙi. Bai yi dariya ba.

“Babu baƙi ko guda,” ya ce a hankali.

“Ko guda. Ruwanku ya fi na asibiti.”

Mutumin nan ya san ni tun ina yawo ba wando. Duk abin da na faɗa, shi da kansa yakan raba goma ya ɗauki ɗaya. Amma wannan karon ba maganata ya ɗauka ba. Ya gani da idonsa, kuma da sunan yarinyar da duk dangi suka san ba ta ƙarya. Ya sa aka tura masa hoton a tasa wayar don ya nuna wa dattawa. Da zai hau babur, sai wani abu ya tsunkule ni a ciki, na ce da ƙaramar murya, “Amma dai ku riƙa ɗan tafasawa.”

Ya ce, “Ruwan da anka auna? Itacen ma duk jiƙaƙƙe ne.” Ya ɗaga mini hannu, suka tafi.

Kwana shida na yi da wannan abu a ciki. Kullum da safe in ce yau zan buga masa waya, sai ciniki ya zo, sai in ce bari a yi azahar. Na riƙa lallashin kaina. Na ce ai mutanen bakin kogi cikinsu ƙarfe ne, sun sha abin da ya fi wannan. Na ce ai wataƙila masarar ce. A benci kuwa na ci gaba da ba da labari ana dariya, sai dai idan na ɗaga kofin ruwa zan sha, sai in ajiye shi ban kurɓa ba. A gida ɗiyata ta tambayi uwarta ko an kai ruwan Birnin Kebbi. Na ce a gaya mata ana kan shiri.

Rana ta bakwai na koma gida cin abincin rana, na tarar da kwali a tsakar gida cike da bandar kifi, manya-manya, irin waɗanda masunci ba ya sayarwa sai dai ya ba wanda yake ganin girmansa. Wani ɗan kabu-kabu ne ya kawo, da saƙo: a gaida likitar ruwa, an gode, kowa ya koma rijiya, mata sun huta.

Na zauna, na jawo kwano, na ɗauki cokali kamar ban ga komai ba. Uwarta ta ce, “Malam, ajiye cokalin nan.”

Ɗiyata ta fito ta durƙusa a inda ta durƙusa wancan karon. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Baba, sun ce in ji ni.”

Na fara, “Ai abin da ya faru, kin san mutanen ƙauye da ƙarin gishiri...”

“Kwana nawa suna sha?”

Na ce shida.

Ta ce, “Akwai masu goyo a garin nan, akwai tsofaffi. A buga musu yanzu. In ba a samu ba, a ba ni izini in hau kabu-kabu in je da kaina.”

A karo na farko a rayuwata na dubi fuskarta sosai. Idanunta sun ciko, amma ba ta bari sun zubo ba. Na buga wa taubashina sau biyar, ba ta shiga. Can wajen, waya ko ta kama layin Benin ko ta kama iska. Na tashi na tayar da babur ɗina, ban ko canza riga ba.

Hanya duk taɓo ce bayan an haye Kwara. Sau biyu na faɗi, sau ɗaya na tura babur da ƙafa ruwa har gwiwa. Duk tsawon hanyar ina shirya yadda zan faɗi maganar ta fito da kyau. Na ce zan ce na'ura ce ta yi kuskure. Na ce zan ce an sake dubawa an ga baƙi guda ɗaya ya ɓuya a kusurwa. Wallahi har na fara jin daɗin wannan ta biyun, har na soma yi mata ado, kafin na tuna irin wannan adon ne ya ɗora ni a kan hanyar.

Na isa bayan la'asar. Mata sun kewaye rijiya, guga na sauka guga na hawa, ana hira ana dariya. Wata na ɗura wa ɗan da ke cinyarta ruwa da tafin hannu. Taubashina ya fito daga gidansa da murna, ko da yake fuskarsa ta faɗa.

“Kai, bawana da kansa! Kifin bai isa ba ka biyo saura?”

Na tambayi iyali. Ya ce mai ɗakinsa kwance take kwana biyu, ciki ya ƙi tsayawa, ana ta ba ta ruwan gishiri da sukari. “Masarar nan ce, ba shakka,” in ji shi. Ruwan gishiri da sukarin ma da ruwan rijiyar ake haɗa mata.

Na ce, “Zo gefe, ina da magana.”

Ya dube ni, ya dubi taɓon da ke jikina. Ya ce, “Hwaɗi nan.”

Na faɗa a nan. Ni da muryata takan kai tasha daga shagona, ranar sai da aka ce in ƙara ɗagawa. Na ce ba a auna ruwan ba. Na ce ɗiyar ta ce kada a sha, ni ne na juya maganar. Na ce galan ɗin ma yana nan gidana ko buɗe shi ba a yi ba. Igiyar guga ta tsaya a hannun mai ja. Matar nan ta janye tafin hannunta daga bakin ɗanta, ta goge masa leɓe da gefen zane.

Taubashina ya ciro wayarsa ya kunna hoton. Jajaye da farare suka ci gaba da rawarsu, babu ruwansu.

“To, wanga ruwan wa ne?”

“Ba na kowa ba ne. Lissafi ne.”

“Ɗiyar ta san ka hwaɗi haka?”

“Sai yau ta ji.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “To, alhamdu lillahi.” Bai zage ni ba. Ya bi bokitan matan ɗaya bayan ɗaya yana tuntsurar da su da hannunsa, ruwa ya malale a ƙasa ya biyo ta ƙarƙashin takalmana. Wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata, ta tsaya riƙe da ɗan tulunta tana kallo na.

Ta ce, “Ɗan nan, uwarka ma ta iya ba da labari. Amma ita ta san wurin tsayawa.”

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Maza suka kawo tsohon kwanon rufi aka kife bakin rijiyar, aka danne da duwatsu. Ni na ɗauko mafi girma, don hannuna ya sami abin yi. Daga nan muka ɗora mai ɗakin taubashina a babur ɗina, shi a baya yana riƙe da ita, muka kai ta ƙaramin asibitin da ke kan hanya aka sa mata ƙarin ruwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar na goyo dami na kara. Allah ya sa ta tashi bayan kwanaki, haka ma sauran da suka kwanta a wannan makon. Daga baya da aka kai ruwan gwaji yadda ɗiyata ta ce, aka tarar ambaliya ce ta haɗa rijiyar da masai. Amma a ranar ba wanda ya san ko matar za ta tashi, kuma taubashina bai yi mini magana ba tun daga ƙauye har asibiti.

Na kwana a ƙauyen. Da gari ya waye mata suka fito da bokitai da robobi, suka kama hanyar gonaki zuwa famfon ɓangaren Benin, hanyar da suka yi murnar rabuwa da ita kwana shida. Na ara jarkoki huɗu na ɗaure a babur, na ce duk mai so ta kawo nata in ɗebo mata. Wasu suka miƙo ba tare da sun dube ni ba. Na yi sawu uku kafin rana ta take.

A sawu na huɗu na cim ma tsohuwar nan a tsakiyar gonar shinkafa, tana tafe a hankali da tulunta, ƙafafunta cikin laka. Na tsaya na kashe babur.

“Inna, kawo tulun. Koma gida ki zauna, ni zan kawo miki har ɗaki.”

Ta gyara gammonta, ba ta ko rage tafiya ba.

“A'a, ɗan nan, bar shi. Ruwan da zan sha, ina so in ga inda anka ɗebo shi da idona.”

Na matsar da babur gefe, ta wuce.